Bauren Da Aka Ce Na Sare

Fadila da Mujahid, wannan babin naku ne, kuma da gangan na rubuta shi da Hausa. Na san za ku karanta shi a hankali, kuna motsa leɓe kamar 'yan aji ɗaya, kuna tura wa juna saƙo kuna tambayar ma'anar kalmomi. Ku daure. Ni ma na yi shekaru ina karanta Turancinku ban yi ƙorafi ba, jan biro kawai na sa. Dalilin babin shi ne maganar da kuka jiyo lokacin da kuka je gida bikin 'yar kawunku, kuka dawo Kuala Lumpur kuna kallona kamar wadda aka kama da gatari a hannu. An gaya muku uwarku ce ta sare bauren garinku. Ban taɓa sare ko reshen zogale ba. Amma na san abin da suke nufi, kuma tunda rabin labarin suka ba ku, ga sauran daga bakin mai shi.

Garinmu, Tsaunin Baure, kogi ne ya raba shi biyu. Wannan gefen shi ne Cikin Gari, inda aka haife ni, galibinmu Musulmi, kuma abin taƙamarmu wani tsohon baure ne da ke ƙofar gidan mahaifinmu, wanda aka ce a gindinsa fataken farko suka sauke kaya. Wancan gefen shi ne Ƙetare, galibinsu Kirista, abin taƙamarsu kuwa dutsen da kakanninsu suka zauna a kansa tun kafin fataken su zo. Da aka ba mu ƙaramar hukuma, sai aka zana mata tambari, irin wanda ake bugawa a saman takardun ofis. Garkuwa ce, kogi shuɗi ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa, a hagu baure a kan kore, a dama dutse a kan ruwan ɗorawa. Zakuna biyu sun riƙe garkuwar, duk da cewa ko kakan kakana bai taɓa jin gurnanin zaki a ƙasarmu ba. Zakunan suna tsaye a kan jar ƙasa, a ƙarƙashinta kuma an rubuta Haɗin Kai da Aiki. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. A takarda ma aka fi samun haɗin kan, domin tun bayan rikicin da kuka sha jin labarinsa, ɗan wannan gefen ba ya son la'asar ta yi masa a wancan.

A nan Kuala Lumpur, nisa ya yi mana abin da kwamitocin sulhu suka kasa yi a gida. Mu kaɗan ne. Manyanmu ba su cika tabarma biyu ba, sai ɗalibai da iyayensu ke turowa kwalejojin Setapak, inda nake koyar da labarin ƙasa. Yaron da a gida ba zai haye gada ba, a nan sai ka same shi ɗaki ɗaya da ɗan wancan gefen, suna faɗa a kan wanda ya cinye sauran taliya. Muka kafa ƙungiya. Kawunku, Yaya Inuwa, wanda ke sayen yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana aikawa gida, shi ne shugaba. Mataimakinsa Injiniya Bitrus, ɗan Ƙetare, wanda kuke kira Baba Bitrus. Ƙungiyar ce ke tarbo sabon ɗalibi a filin jirgi, ita ke kwana da mara lafiya a asibiti. Da wani yaro ɗan Ƙetare ya rasu a haɗarin babur, Yaya Inuwa ne ya rufe harkarsa ya yi ta hawa da sauka a ofisoshi har aka kai gawar wurin uwarsa. Na faɗi wannan ne don in na ce ƙungiyar ta kusa rabewa, kada ku ɗauka ƙungiyar shan shayi nake nufi.

A shekarar da nake magana, ƙungiyoyin garuruwan Najeriya suka shirya gasar ƙwallo a wani fili a Sri Petaling, aka ce kowane gari ya zo da tutarsa. Mu ba mu da tuta. Ƙaramar hukumarmu ba ta taɓa yin ta ba, wataƙila don ba a taɓa ware mata kwangila ba. Sai ɗalibanmu suka yi abin da ya zo musu da sauƙi. Suka ɗauki hoton tambarin, suka kai shagon buga takardu, aka faɗaɗa garkuwar har ta cika yadi, aka kori zakunan don ba su samu wuri ba. Da yake baure ne a hagu, shi ya faɗa gefen sanda. Ba wanda ya yi niyyar komai. Yaran ma alfahari suke yi da aikinsu.

Kun san iskar garin nan. Ko dai babu ita sam, ko ta zo da ruwa ta tafi da lemar mutum. Ranar buɗe gasa babu ita. Tutoci suka rataye a jikin sanduna kamar wankin da aka manta. Tuta in ta rataya haka, abin da ke kusa da sanda kaɗai ake gani, sauran duk ya naɗe ciki. Baurenmu ya fito fes, ganye da reshe. Dutse kuwa ko ƙeyarsa ba a gani. Ina zaune kusa da Mama Rifkatu, matar Injiniya, mun raba kwanon cincin ɗaya. Ta kalli sandar, ta juyo.

"Malama, ina dutsenmu?"

"Yana ciki, Mama. Iska yake jira."

"To," in ji ta. "A gida ma haka ake ce mana."

Da aka tafi hutun rabin lokaci, yaran Ƙetare suka sauko da tutar, suka juya ta, suka ɗaura dutse a jikin sanda. Sai baure ya ɓace. Yaya Inuwa ya miƙe tsaye, babbar rigarsa na zamewa daga kafaɗa, yana tambaya wa ya ba da izini. Aka koma fili. Mai tsaron gidanmu ɗan Ƙetare ne, 'yan bayanmu 'yan Cikin Gari, kuma daga wannan lokacin suka daina jin yaren juna. Ba sai na faɗa muku yadda aka tashi ba. Waɗanda suka ci mu ma sai da suka ji kunya.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi taro a mamak, wato shagon shayin da ke ƙasan gidanmu, aka haɗa tebura, mai shagon yana ta kawo shayi yana kallonmu da fargaba. Kowa ya zo da dabara. Wani ya ce a sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, aka tambaye shi wa zai yarda ya zauna a ƙasa, ya koma kan shayinsa. Wani ya ce a riƙa juyawa mako-mako, kamar kwanan girki. Ke Fadila, kina makarantar sakandare lokacin, kin sauko karɓar mabuɗi, kika tsaya kika saurara, kika ce da ƙarfi:

"Mommy, just make two flags lah."

Aka yi dariya, amma Injiniya Bitrus bai yi ba. Mutum ne mai magana a hankali, kamar yana auna siminti.

"Yarinyar ta faɗi abin da ke ran mutane," in ji shi. "In tuta biyu ce, to ƙungiya biyu ce. Mu ba mu roƙa ba, amma in an ba mu za mu karɓa."

 Na ga yaran da ke ɗaki ɗaya suna kallon tebur don kada su kalli juna. A nan ne wani ya ce a ba Malama Zainabu aikin, tunda ita ce ke koyar da taswira. Abin mamaki, duka manyan biyu suka yarda nan take, kowa da lissafinsa. Yaya ya yarda don ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya. Injiniya ya yarda don ya san na taɓa kayar da ɗan Yayan a jarrabawa, ban kuma fasa cin abinci ba ranar. Na ce na karɓa da sharaɗi ɗaya: abin da na kawo shi za a ɗaga ranar rufe gasa, ba gyara, ba kwamiti. Suka ce sun ji. Mutum yakan yi saurin yarda da sharaɗi in yana ganin kan wani zai faɗa.

Yanzu bari in yi muku darasi, tunda ba za ku iya fita daga ajin nan ba. Kuskuren yaran shi ne sun ɗauka tuta tambari ce da aka buga a yadi. Ba haka ba ne. Tambari a zaune ake karanta shi, kusa da ido, fuska ɗaya gare shi, kuma ba ya motsi. Hagu da damansa daidai suke, kamar tafukan hannu. Tuta kuwa daga nesa ake hango ta, ta gaba da ta baya, da iska da babu iska. Tana da kai tana da jela. Gefen sanda shi ne kai, shi ake gani kullum, shi ne wurin girma a tutocin duniya duka. Jela kuwa ita ke ɓoyewa in iska ta kwanta, ita ke shan duka in iska ta tashi, kuma ita ke fara yagewa. Duk wanda ka ajiye a jela, ka yanke masa hukuncin ɓacewa yau da yagewa gobe. Saboda haka abin da Mama Rifkatu ta gani ba tsegumi ba ne. Gaskiya ta gani, tun kafin mu masu karatu mu ba abin suna.

Na share teburin cin abinci na mai da shi ɗakin gwaji. Na yanka takardu, na manna su a tsinken tsire, na kunna fanka, na kashe fanka. Na raba tutar a karkace, sai wani ya samu kusurwar sama ta gefen sanda. Na sa baure a tsakiya dutse ya kewaye shi, na ji da kunnena yadda 'yan Cikin Gari za su ce an yi musu ƙawanya. Na ɗora baure a kan dutse, na san 'yan Ƙetare za su ce an hau kansu. Na sa kowanne sau biyu, a kusurwoyi huɗu, abin ya fito kamar zanen gado, kuma duk da haka wani ne a saman gefen sanda. Duk inda ka sa abu biyu a tuta, ɗaya ya riga ɗaya. Babanku, wanda Bakano ne kuma yana kallon rikicinmu kamar yadda ake kallon wasan kwaikwayo, ya gaji da cin abinci a kan cinya.

"Malama, ki maido da zakunan kawai," in ji shi. "Su ba su da unguwa."

"Abban Fadila, zakunan ma biyu ne. Kafin Juma'a za a gano wanne ne ke zuwa coci."

Wasa yake yi, amma shi ya sa na sake ɗauko tambarin na kalli zakunan da kyau, daga geza har farce. Sai idona ya sauka kan abin da suke takawa. Jar ƙasa. Duk tsawon rigimar nan ba wanda ya ambace ta, ba wanda ya ce tasa ce, don kowa na da ita. Ita ke shiga farcen ɗan Cikin Gari da na ɗan Ƙetare, ita ke ɓata farar riga ranar Juma'a da ranar Lahadi, da ita ake gina katanga a gefe biyu, a cikinta kuma ake binne kowa. Haka kogin. Ba a taɓa yin faɗa a kan wa ke da shi ba, sai dai wa zai haye shi. Na ɗauki jar takarda, na kwantar da kogin a tsakiyarta, ba daga sama zuwa ƙasa yana raba hagu da dama ba, a'a, daga sanda har jela, da siririn fari a bakinsa biyu don ya fito daga nesa. Sama ja, ƙasa ja. Na kunna fanka, kogi ya gudana. Na kashe, ya rataya, ana ganin ja da shuɗi. Na juya ta baya, ita ce. Na kifa ta, ita ce dai. Ba yadda za ka ɗaura ta ka ci mutuncin wani. Na zauna ina kallonta, ban yi murna ba, domin na ga abin da babu a cikinta, na kuma san wanda zai fara gani.

Yaya ya riga ya zo kamun ƙafa tun kafin nan. Ya hau bene da ledar tapau a hannu, wato abincin da ya sayo a shago, shinkafa da kaza har da ta maƙwabta, ya zauna ya yi ta hira a kan komai ban da tuta. Sai da ya tashi tafiya, yana sa takalmi, ya ce:

"Abu, kin dai san inda aka binne cibiyarki."

"Na sani, Yaya."

"A gindin bauren nan Baba ya koya miki karatu, lokacin da ake ce masa ɓata allo ne koya wa mace boko. Ban ce komai ba. Tuni kawai."

Bai yi ƙarya ba, kuma kada ku ɗauka maganar ta wuce ta gefena. Ni na fi shi sanin bauren nan. Na san saiwar da Baba ke jingina, wadda ta yi santsi saboda bayansa. Na san yadda 'ya'yan ke faɗowa kan littafi su bar tabo, da yadda jemagu ke cika shi da magariba har ba ka jin kiran sunanka. A inuwarsa na fara ganin taswirar duniya, a wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, Baba ya ɗora yatsana a kan wani tsinin ƙasa can gabas ya ce mutane na zaune a nan ma. Ban san nan zan tsufa ba. In akwai mai haƙƙin sa bauren nan a tuta, ni ce. Shi ya sa ma na san ni kaɗai ce zan iya cire shi a yarda ba ƙiyayya ba ce. Da ɗan Ƙetare ne ya cire, da an ce yaƙi ne.

Na ƙudura ɗinka ta za a yi ba bugawa ba, don fuskokin biyu su zama ɗaya. Wahalar ita ce jan. Jan ƙasarmu ba na jini ba ne, ba na tumatir ba. Na naɗe kaskon turaren wutata, wanda matan Ƙetare suka gina da yumɓun bakin kogi, na sa a jaka na hau jirgin ƙasa zuwa Jalan Tuanku Abdul Rahman. Na bi shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya ina fito da kasko ina karawa a jikin bandir. Masu shago suka yi ta kallon wannan baƙar mata mai yawo da tukunya. Wata dattijuwa dai ta gane, ta shige can ciki ta jawo wani bandir da ƙura ta rufe, ta kara da kanta, ta ce boleh, wato ya yi. Ina tsaye ana auna mini, sai na ji sallama a bayana. Titin nan ofishin Yaya ne, ba shagon da ba a san hularsa ba, kuma an riga an kai masa labari. Ya dubi abin da ke kan kantar shagon: ja, shuɗi, ɗan fari.

"Ina koren?"

"Babu kore, Yaya."

"Za ki saya a wani shagon?"

"Babu baure a tutar. Babu dutse kuma."

"Dutse bai dame ni ba," in ji shi. "Ke da bakinki kike ce min kin cire bauren gidan ubanki? Don ki faranta wa Bitrus?"

"Bitrus ma ba zai ji daɗi ba."

"To wa kika yi wa aikin?"

"Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya."

 Yaya mutum ne mai faɗa da ƙarfi, kuma faɗansa ba ya kwana, don haka na shirya wa tsawa. Bai yi ba. Ya gyara hularsa, ya yi wa dattijuwar godiya da Malayanci kamar shi ya yi cinikin, ya fita. Da ya yi tsawar da ya fi mini sauƙi.

Ranar rufe gasa ba mu cikin masu buga wasan ƙarshe, wannan ko ba a faɗa ba, amma kowane gari ya zo da tutarsa. Na miƙa wa ɗalibai tawa a naɗe. Suka ɗaura, suka ɗaga. Iska babu, kamar kullum. Ta rataya, ja da shuɗi. Na koma na zauna inda na saba, kusa da Mama Rifkatu. Ta sa tabarau, ta cire.

"Malama, dutsenmu fa?"

"Babu shi, Mama."

"Ko ya naɗe ciki?"

"Bai naɗe ba. Babu shi. Bauren ma babu."

"Ko ganye?"

"Ko ganye."

Ta sake kallon sandar, ta kalle ni, ta kalli inda Yaya ke zaune ya juya wa fili rabin baya. Mace ce mai saurin lissafi. Ta buɗe kwanon cincin ta tura mini shi gaba ɗaya.

"Ci," in ji ta. "Ke za ki fi kowa jin yunwa a kwanakin nan."

Injiniya ya zo da kansa, ya tsaya a gabana ya ce, "Malama, dutsen da ya gagari Turawa, kin rushe shi da almakashi." Na ce masa almakashin ya bi ta kan baure tukuna. Bai yi murmushi ba, amma bai sake maganar ƙungiya biyu ba, ranar ko bayanta. Can hadari ya haɗu ta wajen Bukit Jalil, iskar da ke gaban ruwa ta taso, tutar ta buɗe gaba ɗaya, kogi ya miƙe yana kaɗawa. Wani yaro ya yi ihu ya ce wallahi jan garinmu ne. Ban san ɗan wane gefe ba ne, kuma wannan shi ne abin da nake nema. Da ruwa ya sauko kowa ya gudu rumfa, na hango Yaya da Injiniya a tebur ɗaya, kawunansu a haɗe, suna nuna tutar da yatsa suna girgiza kai. Tun da aka kafa ƙungiyar ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya kamar ranar ba. A kaina suka haɗu, kuma na ga wurin haɗuwa ne mai kyau.

Ga abin da ya ci mini, don kada ku ɗauka kyauta aka samu. Yaya ya buga waya gida, kuma labari in ya haye teku yakan sauya kaya. Kafin ya isa ƙofar gidanmu ya zama Abu ta sare baure a gaban arna, da kalmar da ban yarda a faɗa a gidana ba. Yaya bai bar shugabanci ba, bai hana a ɗaga tutar ba, don mutum ne mai cika alkawari ko da yana cizon haƙori. Amma bai taɓa kiranta tuta ba, zanin Abu yake ce mata. Kuma ya daina hawa benenmu. Kun tuna Sallolin da kayanku ke zuwa ta hannun wani, kuna tambayata ina Kawu, ina ce muku aiki ya yi masa yawa? Ba aiki ba ne. Muna gari ɗaya, jirgin ƙasa ɗaya ke bi ta unguwarsa da tawa, in mun haɗu a taro mu gaisa kamar maƙwabtan da suka yi shari'ar gona. Mu biyu kaɗai Baba ya bari. Har ya tattara ya koma gida bai sake cin tuwona ba. Da na je ganin gida, matan gidanmu suka tarbe ni da "sannu da zuwa, mai gatari," suna dariya, amma ba dariya kaɗai ba ce.

Kun taɓa tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba. Na yi kewar ɗan'uwana, wannan daban. Ƙungiyar tana nan har yau, ɗaya, tana tarbo yaran da ba a haife su ba lokacin rikicin gida. Tutar ta sha ruwa da rana, jelarta ta yage kamar yadda na ce za ta yage. Na karɓo ta na datse, na kalmashe bakin a keken ɗinki. Kogin ya ɗan gajarta. Ba wanda ya rasa komai, ba a kira taro ba.

Daminar da ta gabaci bikin da kuka je, wayata ta yi ƙara ina shanya a baranda. Yaya ne, da kansa, ba saƙo ta bakin wani ba. Muryarsa ta tsufa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi babanku, ya tambaye ku da sunayenku, ya tambayi ruwa. Sannan ya ce:

"Abu, bauren ya faɗi."

Na zauna a kan bokiti.

"Iska ce, jiya da la'asar. Ashe cikinsa duk rami ne. Bai taɓa kowa ba, katangar zaure kawai ya ɗauka." Ya yi tari. "Mutanen Ƙetare ne suka hayo da zarto suka taya mu. Kada ki ce min komai."

"Ban ce ba, Yaya."

"Na san ki. Kina faɗa a ranki."

Ba na faɗin komai a raina. Kuka nake yi, ina toshe baki da rigar Mujahid da ban gama shanyawa ba, don saiwar nan mai santsi nake gani. Ya bar ni na gama. Da zai ajiye wayar ya ce:

"In wani zai taho, ki ba shi zanin nan naki guda ɗaya. Ba don ya yi kyau ba. Wurin ne ya yi fili da yawa."

Na aika masa. Ita ce kuka gani a kan doguwar gora a ƙofar gidan kakanku, kuka ɗauka ta wata jam'iyya ce. Saboda haka in an sake ce muku uwarku ta sare baure, kada ku yi musu, kada kuma ku sunkuyar da kai. Ku ce iska ce ta kayar da shi, uwarmu dai ta riga kowa tambayar abin da iska za ta bari. Ku faɗa da Hausa, in kun iya.